Masu kwana da fitila a lambu: me ake nema a jikin faɗa-wuta?

A ƙarshen watan Mayu rana ba ta faɗuwa a Landan sai wajen ƙarfe tara, kuma kafin biyar na asuba ta sake ɓullowa. Daren gajere ne ƙwarai. A cikin wannan ɗan duhun, a bayan gidaje da yawa tun daga kudancin Ingila har Sikotland, za ka tarar da akwati ajiye a kan ciyawa, da ƙwan fitila a bisansa yana ci har gari ya waye. Mai akwatin yana can yana barcinsa. Da asuba sai ya fito da rigar sanyi a kan kayan barci, kofin shayi a hannu ɗaya, littafi da biro a ɗayan. Ba ya nufar akwatin kai tsaye. Yakan fara da taka ƙasa a hankali yana duba ciyawa, kada ya murƙushe wani abu, ya dubi katanga, ya dubi ganyayen da ke kusa, domin sau da yawa baƙon da ya fi daraja bai shiga ciki ba, a waje ya kwana. Daga nan ya kashe fitilar, ya toshe bakin akwatin da tawul, ya ja shi inuwa. A ciki an jera kiret-kiret na ƙwai, irin na kwalin nan da muka sani, amma babu ƙwai ko ɗaya. Ya ɗago na farko ya juya shi. Kusan kowane rami da ƙwaro a lafe: wani ruwan toka, wani fari sol da ɗigo-ɗigon baƙi, wani kamar guntun karyayyen reshe. Ya ƙirga su, ya rubuta sunan kowanne, ya ɗauki hoton wanda ya shige masa duhu. In magariba ta yi ya sake su gaba ɗaya.

Wanda ya ji labarin daga nesa zai ce aikin marasa aikin yi ne, ni ma da farko haka na ɗauka. Sai da na bi inda rubutun littafin nan yake zuwa na sake tunani.

Ƙwaron da ake magana a kansa shi ne faɗa-wuta, ɗan uwan malam-buɗe-littafi da ke yawon dare. Kowa ya san shi, shi ne yake kewaya fitilar ƙwai har ya ƙona fiffikensa, da haka ma ya sami sunan. Asu mai cin riga a adaka daga danginsa yake, kuma shi ya ɓata wa dangin suna, alhali masu cin tufa a cikinsu ba su taka kara sun karya ba. Zaren tsamiya da ake yi wa babbar riga aiki da shi ma daga gidan tsutsar wani faɗa-wuta ake samunsa. A duniya an san ire-irensa kimanin 160,000, malam-buɗe-littafi kuwa bai kai iri 20,000 ba. A Birtaniya kaɗai akwai faɗa-wuta wajen iri 2,500, na malam-buɗe-littafi ba su wuce 60 ba. Ke nan na rana da muke yabawa su ne 'yan tsiraru, jama'ar tana fitowa ne bayan mun kwanta. Masu wannan sana'a sun kasa su gida biyu: manya, kimanin iri 900, da ƙanana, wajen 1,600, waɗanda wasunsu ba su fi ƙwayar shinkafa ba. Sabon shiga da manyan yake farawa, kuma ya yi hankali.

Yadda akwatin yake aiki

Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya taɓa ajiye kwanon ruwa a ƙarƙashin fitila daren da gina ta fito bayan ruwan fari ya san ta. Bambancin shi ne a nan ba a son ƙwaron ya mutu. Fitila a sama, a ƙarƙashinta mazurari ko gilasai biyu da aka karkata suka bar ɗan tsaga a tsakani, sannan akwati. Ƙwaro ya zo yana kewaya fitila, ya bugi wani abu, ya zame ya faɗa ciki. Shiga da sauƙi, fita da wuya. Da ya sami lungun kiret mai duhu sai ya natsu ya lafe har safe. Ba don kiret ɗin ba da sun kwana suna bugun juna, su kakkaɓe hodar da ke fiffikensu, wadda ita ce take ɗauke da launi da zanen da ake gane su da shi.

Akwatunan da aka fi sani iri uku ne, kowanne da sunan wanda ya ƙirƙiro shi. Na Robinson, wanda ya fito a 1950, zagayayye ne kamar baho, shi ya fi kamu kuma ya fi riƙe abin da ya kama, shi ya fi tsada. Na Skinner mai kusurwa huɗu ne, ana naɗe shi a sa a mota, kafinta ma zai iya haɗa shi, sai dai wasu ƙwarin kan sulale su fice da asuba. Na Heath, tun shekarun 1960, ƙarami ne mai ɗan siririn ƙwai na wat 6, da batir yake aiki, ana kai shi daji inda babu lantarki.

Sirrin yana ga irin hasken. Idon faɗa-wuta ya fi kama hasken UV, wanda namu idon ba ya gani. Shi ya sa shekara da shekaru sarkin fitilun shi ne ƙwan lantarki mai tururin zaiba, na wat 125, mai tsananin haske da zafi har sai an yi masa rumfa, don ɗigon ruwan sama kan fasa shi. Tarayyar Turai ta hana sayar da irinsa tun 2015, saboda haka waɗanda suka tara nasu suna lallaɓa su, saura kuma sun koma ga dogon ƙwai mai shuɗin haske ko na LED. Akwai kuma maganar maƙwabta. Gidajen Ingila a manne suke da juna, kuma ƙwan zaiba yana iya mayar da ɗakin barcin maƙwabci kamar tsakar rana. Mutane da yawa sun zaɓi fitila mai rauni don a zauna lafiya, ko da kamun zai ragu.

Me ya sa yake zuwa wurin wuta tun farko? An daɗe ana ba da amsa iri-iri. Wasu sun ce wata yake bi don gane hanya, fitila ta rikita shi. Wasu sun ce zafi yake nema, wasu sun ce haske ne ke makantar da shi. A watan Janairun 2024 wasu masu bincike, cikinsu har da Samuel Fabian na Kwalejin Imperial da ke Landan, suka fitar da sakamakon hotunan da suka ɗauka da kyamara mai tsananin sauri, a ɗakin gwaji da kuma dajin Kosta Rika. Abin da suka gani shi ne ƙwaron ba ya dosar fitilar. Bayansa yake juya mata. A daji, ko da dare, sama ta fi ƙasa haske, saboda haka ƙwaro mai tashi ya saba da cewa inda haske yake nan ne sama, in ya ba shi baya ya daidaita. Fitila ta zo ta karya wannan lissafi. In tana gefensa sai ya karkace ya yi ta zagaye, in tana ƙasansa sai ya kife ya faɗo. Ashe ba son wuta yake ba, ya rasa sama da ƙasa ne. Wannan bayani ya warware abin da ke faruwa kusa da fitila, kuma ya dace da abin da masu tarko suka daɗe suna lura da shi, cewa akwati ɗaya ba ya janyo ƙwari daga nesa sosai, na unguwarsa yake kamawa da masu wucewa ta kansa.

Daren da ya fi kamu shi ne mai ɗumi, mai gajimare, marar iska. Gajimare yana riƙe zafin rana kuma yana rufe wata. Daren farin wata da sararin sama tas, mu shi ne daren hira, mai tarko kuwa ya san da safe zai tarar da akwati kusan fayau, musamman in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10. Yayyafi ba ya hana komai, wani lokacin ma yana ƙara kamu.

Dalilin da ya sa ƙarshen Mayu ya bambanta

Shekarar Birtaniya ba kamar tamu take ba. Daga hunturu sai lokacin tohon ganye, Maris zuwa Mayu, sannan lokacin zafi. Kowane irin faɗa-wuta da makonninsa na fitowa, kamar yadda kowace 'ya'yan itace take da lokacinta a kasuwa. A Maris da Afrilu akwatin yakan cika da wasu ruwan ƙasa masu jure sanyi, 'yan gidan Orthosia. Daga ƙarshen Afrilu su ja baya, na lokacin zafi kuma ba su iso ba, sai a shiga makonnin da akan buɗe akwati a ga uku ko huɗu, wani daren babu ko ɗaya. Nan ne sabon shiga yake karaya. In ya daure ya kai tsakiyar Mayu, sai abubuwa su fara sauyawa kusan kullum, kowane dare mai ɗumi da sabuwar fuska. A ganina babu lokacin koyo kamar wannan. Ire-iren sun isa su riƙe hankalin mutum, amma ba su kai na watan Yuli ba, lokacin da akwati ɗaya zai iya kwana da ɗaruruwa, mutum ya rasa ta ina zai fara. Ga shi kuma yawancinsu sababbin fitowa ne, zanen fiffikensu bai goge ba.

Manyan baƙin wannan lokaci su ne dangin da Turawa ke kamantawa da shaho saboda ƙarfin tashinsu. Wanda aka fi gani shi ne Laothoe populi, mai toka-toka, faɗin fiffikensa ya kai santimita 7 zuwa 9. Zamansa ma abin kallo ne, domin fiffiken baya yakan leƙo ta gaban na gaba, sai ka rantse busasshen ganye ne ya maƙale. In ka sa masa yatsa a hankali sai ya hau, ƙafafunsa su riƙe fatarka kamar ƙananan ƙugiyoyi, ka ji nauyinsa. In ya gaji da kai sai ya fara karkaɗa fiffike, yana ɗumama jikinsa kafin ya tashi. Wannan ƙaton ba ya cin komai tun daga fitowarsa har mutuwarsa, abin da ya tara yana tsutsa shi yake ƙonawa, aikinsa kawai ya sami mata. Ɗan uwansa Smerinthus ocellata in an taɓa shi sai ya bankaɗe fiffike, wasu idanu biyu shuɗɗa a kan ja-ja su bayyana, tsuntsu ya firgita ya bar shi. Zuwa ƙarshen wata sai ga Deilephila elpenor, ruwan hoda da kore-kore, kamar an rina shi.

Amma wanda ya fi ba ni mamaki ba shi da wani launi. Phalera bucephala in ya naɗe fiffikensa a jiki sai ya zama guntun reshen bishiyar birch mai farin ɓawo, har da wurin karyewar, rawaya-rawaya a kai da gindi, kamar yanzu aka ɓalle shi. Akan ɗora shi kusa da reshen gaske a ce wa yaro ya nuna wanne ne mai rai. Akwai kuma Diaphora mendica, wanda namijin ruwan toka ne mai zuwa wurin fitila, macen fara ce da akan gani da rana, wanda bai sani ba zai rubuta su iri biyu. Ba faɗa-wuta kaɗai ke shiga ba. A Mayu wani ƙaton buzuzu mai ruwan ƙasa yakan faɗo cikin akwatin da ƙara kamar ƙaramin babur, ya kwana yana tattaka kowa.

Sanin suna

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake gane mai gaskiya. Mai gwaninta ba ya farawa da launi, domin launi yana yaudara: iri ɗaya zai iya fitowa da duhu ko da haske, kuma wanda ya yi mako yana tashi ya koɗe. Da siffa ake farawa. Ya shimfiɗa fiffikensa ne kamar buɗaɗɗen littafi, ko ya yi rumfa da su kamar jinka, ko ya naɗe su kamar tabarma? Wannan kaɗai yana nuna gidan da ya fito. Sai girma, a auna fiffiken gaba da rula. Sai zane: a fiffiken yawancin masu ruwan ƙasa akwai tabo biyu, ɗaya zagayayye, ɗaya mai siffar ƙoda, da layukan da suka ratsa. Ana duba 'yan ƙahonnin kansa, in masu gashi ne kamar gashin tsuntsu to yawanci namiji ne, da su yake shinshino mace daga nesa. Daga ƙarshe a tambayi kalanda da taswira. In littafi ya ce wannan iri a Satumba yake fitowa, ko a tsaunukan Sikotland kawai yake, kai kuma ka gan shi a lambun Landan a Mayu, to kusan kullum kai ne ka yi kuskure.

Kama da wane ba ta wane. Akwai wasu ƙanana 'yan gidan Eupithecia, wajen iri 50 a Birtaniya, kusan duk toka-toka, waɗanda tsofaffin hannu ma sukan yi tsaki in sun gan su. Akwai kuma waɗanda ido ba zai taɓa raba su ba. Acronicta psi da Acronicta tridens tsutsotsinsu sun bambanta sarai, amma in sun girma sai an duba al'aurarsu da madubin ƙara girma kafin a san wane ne wane. Haka wasu uku 'yan gidan Oligia da ke fara fitowa a ƙarshen Mayu. Dokar masu sana'ar a nan ita ce kada ka yi ƙiyasi. Ka rubuta sunan rukunin gaba ɗaya, wato ɗaya daga cikin waɗannan ne, ka tsaya nan. Wanda yake son tabbaci dole ya kashe ƙwaron ya feɗe shi a ƙarƙashin na'ura, kuma mafi yawan masu lambu ba sa yi.

Yanzu akwai manhajojin waya, irin su ObsIdentify, da za ka ɗauki hoto su faɗa maka suna nan take, kuma a kan ire-iren da aka saba gani suna dacewa ƙwarai. Sun sauƙaƙa wa dubban mutane shiga. Abin da nake jiye musu shi ne manhaja ba ta jin kunyar ba da amsa, ko da hoton na ƙwaron da ya goge ne, ko na waɗanda sai an feɗe. Shi ya sa tsarin Birtaniya bai dogara da ita ba. Kowace gunduma tana da mai tantance rahoto, ɗan sa kai ne da ya san ƙwarin yankinsa. In ka aika masa da sunan da bai saba gani a wurin ba, zai ce ka kawo hoto, in babu ya ajiye rahoton gefe. Ba raini ba ne, kowa haka ake yi masa.

Inda rubutun yake zuwa

Akwatin dare ɗaya ba ya gaya maka yawan ƙwarin da ke lambunka. Yana gaya maka waɗanda suka tashi a daren, suka bi ta kusa, kuma irin fitilarka ta rikita su. Maza sun fi mata shiga nesa ba kusa ba. Wasu ire-iren ba ruwansu da haske, sai dai a shafa wa gindin bishiya haɗin sukari da madi su zo sha, ko a rataya ƙamshin mace na roba maza su taru. Mai ƙwan zaiba da mai ƙaramar fitila in suka kwana a lambu ɗaya lissafinsu ba zai zo ɗaya ba. To ina amfanin ƙidayar? Amfaninta yana ga maimaitawa: wuri ɗaya, fitila iri ɗaya, shekara bayan shekara.

Cibiyar binciken noma ta Rothamsted, a arewa da Landan, ita ta fi kowa riƙe wannan ƙa'ida. Tun 1968 take da tarkuna a faɗin ƙasar, wajen 80 a yanzu, duk ƙira ɗaya, duk da tsohon ƙwan lantarki na wat 200, suna ci kowane dare na shekara, da yawansu 'yan sa kai ke kula da su. Sun ƙi sauya ƙwan da na zamani da gangan, domin in aka sauya ba za a iya gwada bana da shekarun baya ba. Su nasu tarkon kashewa yake yi, don a tantance kowane ƙwaro. A gefe guda akwai shirin masu lambu da ya fara a tsakiyar Ingila a 2003, inda kowa ke kunna fitilarsa daren Juma'a, daga Maris zuwa Nuwamba, ko daren ya yi kyau ko bai yi ba. Wannan sharaɗin shi ne ƙashin bayan shirin. Da an bar mutane su zaɓi dare, kowa daren ɗumi zai zaɓa, lissafin ya yi ƙarya. Wanda ya tashi cikin sanyi ya tarar da akwati babu komai, ya rubuta sifiri ya aika, ya yi aiki daidai da wanda ya kama ɗari. Ƙungiyar Butterfly Conservation kuma tun 2007 take tattara rahotannin ƙasa baki ɗaya, har a 2019 aka fitar da taswirar manyan faɗa-wuta na Birtaniya da Ayaland daga rahoto sama da miliyan 25.

Abin da lissafin ya nuna ba mai daɗi ba ne. Rahoton 2021 ya ce daga 1968 zuwa 2017 yawan manyan faɗa-wuta a Birtaniya ya ragu da kashi 33 cikin ɗari: kashi 39 a kudu, kashi 22 a arewa. Amma labarin ba fuska ɗaya gare shi ba. Tun daga 1900 iri 51 sun ɓace daga ƙasar, iri 137 kuma sun shigo sun zauna, wasu ɗumamar yanayi ta buɗe musu hanya daga nahiyar Turai, wasu a cikin shuke-shuken da aka shigo da su daga waje suka iso. Ire-ire suna ƙaruwa, jimilla tana raguwa. Ruwa ba ya tsami banza: ana ɗora laifin a kan noman zamani da ya share shingayen bishiyoyi da ciyayin daji, da magungunan feshi, da sauyin yanayi, da fitilun titi. A kan na ƙarshen, wani matashin mai bincike, Douglas Boyes, ya ƙirga tsutsotsi a bakin titunan kudancin Ingila, a 2021 ya nuna cewa shingen da fitila ke haskawa tsutsarsa ta gaza ta mai duhu da kashi 47 cikin ɗari, kuma farar fitilar LED ta fi tsohuwar mai ruwan lemo ɓarna. Mai tarko da kansa fitila yake kunnawa, ya kuma san da haka, shi ya sa da yawansu ba sa kunnawa dare biyu a jere, don waɗanda aka saka su sami damar ci da barbara.

Raguwar ba ta tsaya a kansu ba. Jemagu su suke ci. Ƙananan tsuntsayen lambu suna daidaita ƙyanƙyasarsu da Mayu ne saboda lokacin tsutsa ta fi yawa a ganye. Tsuntsun kuku, wanda kukansa ke shaida wa Turawa cewa hunturu ya wuce, gizaka ce abincinsa, kuma ɗaya daga cikin masu haifar gizakar, Arctia caja, ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari. Kukun nan ba baƙonmu ba ne. Tun 2011 ake maƙala wa wasunsu na'urar bin sawu, aka ga a dazukan Kwango suke cin hunturu, a hanyar komawa kuma su yada zango a Afirka ta Yamma, har da Najeriya da Gana, su yi ƙiba kafin su tsallaka Sahara.

Akwai wani mai fari da ɗigon baƙi kamar an barbaɗa masa barkono, Biston betularia, da ke fara shiga akwati a Mayu, wanda duk ɗalibin ilimin halittu ya san labarinsa. A 1848 aka rubuta ganin baƙinsa a Manchesta. Hayaƙin masana'antu ya baƙanta bishiyoyi, fararen suka fito fili tsuntsaye suka yi ta tsince su, kafin 1895 kashi 98 cikin ɗari na garin baƙaƙe ne. Bayan dokar tsabtace iska ta 1956 bishiyoyi suka washe, fararen suka dawo, yau baƙin ya zama abin nema. Wani mai bincike, Bernard Kettlewell, ya gwada wannan a shekarun 1950, daga baya aka yi ta sukar yadda ya yi gwajin. Wanda ya rufe gardamar shi ne Michael Majerus na Jami'ar Kambirij, kuma a lambun gidansa ya yi aikin. Tun daga 2001 ya shafe shekaru yana sakin ƙwarin, 4,864 gaba ɗaya, yana tashi da asuba ya zauna yana kallon wanne tsuntsu zai ɗauka. Ya rasu a 2009, abokan aikinsa suka fitar da sakamakon a 2012: a kan bishiyoyi masu tsabta, baƙaƙen aka fi ci.

Wasu baƙin kuwa daga ƙetaren teku suke zuwa. Masu kallon ƙwallo za su tuna wasan ƙarshe na gasar Turai ranar 10 ga Yulin 2016 a Faris, lokacin da Cristiano Ronaldo ya ji rauni ya zauna a fili yana hawaye, wani ƙwaro ya sauka a fuskarsa. Autographa gamma ne, mai wani farin zane kamar harafin Y a fiffike. An bar fitilun filin a kunne daren jajibere, filin ya zama ƙaton tarko. Irinsa daga kewayen Bahar Rum yake tasowa kowace shekara, yana hawa sama ya bi iska ya ci ɗaruruwan kilomita a dare ɗaya, kuma a Mayu na farkonsu ke fara bayyana a lambunan Ingila. A ƙarshen Mayu da farkon Yunin 2016 ɗin wani ɗan mitsitsi, Plutella xylostella, ya kwararo Birtaniya da yawan gaske, kuma masu tarko a lambu na cikin waɗanda suka fara ba da labari. Tsutsarsa ce take huda kabeji, a can da nan duka.

Manomanmu sun san wannan fuskar ta faɗa-wuta fiye da kowa. A 2016 ɗin dai Tuta absoluta, wadda masu tumatir suka sa wa suna sharon, ta cinye gonaki a Kano da Kaduna har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu. A farkon shekarar aka fara ganin tsutsar masara mai suna Spodoptera frugiperda a Najeriya, daga nahiyar Amurka. Dukansu 'ya'yan faɗa-wuta ne, kuma uwar takan iso ta yi ƙwai kwanaki kafin a ga ɓarna a ganye. Tarkon da malaman gona ke ratayawa a gona mai ƙamshin mace, da akwatin Baturen nan, tambaya ɗaya suke amsawa: wa ya iso, yaushe, su nawa?

Saura sakin, wanda shi ma da ƙa'idarsa. Tsuntsaye suna da wayo, kuma a Mayu kowane gida da 'ya'ya masu jiran abinci. In mai tarko ya saba zazzage kiret a wuri ɗaya da safe, cikin 'yan kwanaki wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji zai riƙa jiransa a kan katanga, wani ma har cikin akwatin yake kutsawa. Saboda haka akan rufe akwatin a ajiye shi wuri mai sanyi da inuwa har magariba, ko a rarraba su cikin ciyawa mai duhu, yau nan gobe can. Wanda ake son a sake dubawa akan sa shi a ɗan gwangwanin roba a ajiye a firji na 'yan sa'o'i, sanyin ba ya kashe shi, natsar da shi yake yi har a ɗauki hoto. In duhu ya fara sai a buɗe murfi a bar su. Ƙananan su fice nan da nan. Manyan sukan ɗau minti biyu ko uku a kan kwalin suna karkarwa, sannan su tashi.